Idonsa Lafiya, Amma Bai Gane Ka Ba: Martani Ga Mai Cewa Ƙarya Yake Yi

Kwanakin baya na karanta wata maƙala a kan mutanen da ke tashi daga jinya su ce ba sa gane abin da ke gabansu, alhali likitan ido ya duba ya ce idanunsu garau suke. Marubucin mutum ne mai alƙalami, kuma da ganin rubutunsa ka san tausayin iyalan da jinya ta tatike ne ya sa shi magana. Sai dai kyakkyawar niyya ba ta gyara hukuncin da aka ɗora a kan kuskure. Abin da ya rubuta, in jama'a suka ɗauka, zai sa a ƙaryata marar lafiya a cikin gidansa, a kuma jinkirta kai shi asibiti a lokacin da kowace sa'a take da tsada. Shi ya sa na ga shiru bai kamata ba.

Zan fara da jera hujjojinsa yadda ya kawo su, don kada a ce na yi masa ƙage. Na ɗaya, ya ce ido kamar kyamara yake: haske ya shiga, hoto ya fito, gani ya kammala. Saboda haka in likita ya tabbatar babu yana, babu hawan jinin ido, babu laifi a jijiyar ido, to mutum yana gani, magana ta ƙare. Na biyu, ya ce wanda ke yawo a tsakar gida ba ya karo da turmi, yana tsallake kwata, yana miƙa hannu ya karɓi abin da aka ba shi, sannan ya ce bai san mene ne kofi ba ko bai gane fuskar matarsa ba, ɗayan biyu ne: ko dai langaɓewa yake yi don ya guje wa nauyin da ke kansa, ko kuwa hankalinsa ya taɓu. Na uku, ya ce waɗannan cututtuka ƙirƙirar likitocin Turai ce, an gina su a kan mutum ɗaya ko biyu masu abin al'ajabi, mu nan ba mu taɓa ganin irinsu ba. Na huɗu, ya ce ko da an yarda akwai ciwon, ba shi da magani, don haka kashe kuɗi wajen hoton ƙwaƙwalwa asara ce, gara a koma gida a duba ta fuskar iska ko sammu.

Akwai inda na yarda da shi. Hoton ƙwaƙwalwa yana da tsada, kuma ba kowane gari ke da na'urar ba. Masu ciwon ƙarya suna nan a duniya. Kuma babu maganin da ke tayar da ɓangaren ƙwaƙwalwar da ya riga ya mutu. Amma babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya kai mu ga hukuncin da ya yanke.

Mu fara da kyamarar. Malam marubuci, in ido kyamara ne, wa yake kallon hoton? Kyamara tana ɗaukar hoton akuya, amma ba ta san akuya ba ce. Tun 1604 Johannes Kepler ya bayyana cewa hoton da ke faɗawa a tantanin bayan ido a kife yake, sama ta koma ƙasa. A kowane ido kuma akwai wurin da jijiya take fita, babu ƙwayar jin haske ko ɗaya a wurin, amma ba wanda ke yawo yana ganin rami a tsakiyar duniyarsa. Wa ya miƙar da hoton? Wa ya cike ramin? A tantanin nan akwai ƙwayoyin jin haske sama da miliyan 120, amma zaren jijiyar da ke ɗaukar saƙo daga ido bai wuce miliyan ɗaya da 'yan kai ba. Ke nan abin da ke barin ido ba hoto ba ne cikakke. Taƙaitattun saƙonni ne: nan haske, nan duhu, nan launi ya sauya, nan wani abu ya motsa.

Saƙonnin nan ƙeya suke nufa. Yaƙi ne ya fara koya wa likitoci haka dalla-dalla. Bayan yaƙin Rasha da Japan, likitan ido Tatsuji Inouye ya wallafa bincikensa a 1909 a kan sojojin da harsashi ya ratsa musu ƙeya. Idanunsu ba abin da ya same su, amma kowannensu ya rasa wani yanki na abin da yake gani, kuma yankin da ya ɓace yana bin wurin da harsashin ya bi. Gordon Holmes na Birtaniya ya ga irin wannan a sojojin Yaƙin Duniya na Ɗaya. Shin waɗannan sojoji ma ƙarya suke yi, tunda idanunsu lafiya?

A 1959 David Hubel da Torsten Wiesel suka nuna abin da ke faruwa a zangon farko na ƙeya. Sun saurari ƙwayoyin jijiya ɗaya bayan ɗaya a ƙwaƙwalwar kyanwa, suka tarar kowace ƙwaya tana da abin da take jira: wata ba ta motsawa sai ta ga layi a tsaye, wata sai a kwance, wata sai a karkace. Wannan aiki ya kai su ga kyautar Nobel a 1981. Ma'anarsa ita ce ƙwaƙwalwa tana karɓar duniya a warwatse, gutsattsarin layuka da gefuna, sannan ta bi zango zango tana harhaɗawa: layuka su zama kusurwa, kusurwa ta zama siffa, siffa ta rabu da abin da ke bayanta, daga ƙarshe a gwada ta da abin da aka sani tun da. A 1982 Leslie Ungerleider da Mortimer Mishkin, bayan bincike a kan birai, suka nuna cewa daga ƙeya hanyar ta rabu biyu. Ɗaya ta gangara ta ƙasan gefen kai, ta wajen kunne, ita ce mai amsa tambayar "mene ne wannan?" Ɗayar ta hau saman kai, ita ce mai lura da inda abu yake da yadda hannu zai kai gare shi. Ina roƙon mai karatu ya riƙe wannan rabuwa, domin ita ce za ta warware hujjar Malam ta biyu.

Dubi girman aikin. Kujera ɗaya, in ka kalle ta ta gaba, ta gefe, a kife, daga nesa, ko da magariba, zanen da take jefawa cikin ido daban ne kowane karo. Duk da haka ka san kujera ce nan take. Wani bincike da Simon Thorpe da abokan aikinsa suka wallafa daga Faransa a 1996 ya nuna ƙwaƙwalwa tana bambance hoton da ke da dabba da wanda ba shi da ita cikin ƙasa da kashi ɗaya bisa biyar na daƙiƙa. Wannan saurin ne ya ruɗi marubucinmu. Aikin da ba ka taɓa jin nauyinsa ba sai ka ɗauka babu shi.

In da gani a ido yake ƙarewa, da wanda aka haifa da yana a idanu, ranar da aka cire masa ita zai tashi ya gane komai. Ba haka abin yake ba. A Indiya akwai shirin Prakash wanda Pawan Sinha ya kafa, ana yi wa yaran da aka haifa da yana aiki bayan sun girma. A wani bincike da suka fitar a 2011, an ba yaran abu su shafa ba tare da sun gani ba, sannan aka nuna musu abubuwa biyu aka ce su nuna wanda suka shafa. A kwanakin farko bayan aikin, canka kawai suke yi. Bayan 'yan kwanaki sai suka fara dacewa. Ido ya buɗe tun ranar aiki, amma ganewa sai da ƙwaƙwalwa ta koya. Abin da ake koya kuwa yana da mazauni, kuma abin da ke da mazauni yana iya lalacewa.

Sai hujja ta biyu, wadda ita ce ta fi yi mini ciwo, domin ita ce ke ɗora wa marar lafiya laifi. Malam ya ce mutumin ba ya karo da turmi, don haka yana gani. Haka ne, yana gani. Shi ma marar lafiyar bai ce ya makance ba. Cewa ya yi bai gane ba. Kuma abin da Malam ya ɗauka shaidar ƙarya, shi ne ainihin alamar ciwon: hanyar sama tana aiki, ta ƙasa ce ta lalace.

Akwai wata mata 'yar Sikotland da likitoci ke ambata da haruffa biyu, DF, don sakaya sunanta. A 1988, tana zaune a Italiya, ta shaƙi iskar guba ta kabon monoksaid daga tukunyar ɗumama ruwan wanka da ta lalace. Ta farfaɗo tana ganin launi, tana ganin santsi da kaushin abu, amma siffa ta ɓace mata. Ba ta iya bambance murabba'i da dogon akwati a ido. Melvyn Goodale da David Milner suka ajiye mata faifai mai tsaga irin ta akwatin gidan waya, suna juya tsagar. In aka tambaye ta ina tsagar ta fuskanta, a tsaye ko a kwance, ba ta iya faɗa. In aka ba ta kati aka ce ta zura, sai hannunta ya juya daidai, katin ya shige. In za ta ɗauki abu, yatsunta suna buɗewa gwargwadon faɗinsa tun kafin ta taɓa shi, alhali ba ta iya faɗin faɗinsa da baki. An wallafa wannan a 1991, daga baya kuma hoton ƙwaƙwalwarta ya nuna lalacewar a gefuna biyu na hanyar ƙasa. Da a gidan da ya karanta maƙalar Malam take, me za a ce mata? Za a ce ga shi ta zura kati, ashe dama rainin hankali take yi. Akwai kuma masu akasin nata, waɗanda hanyar sama ta lalace musu: suna gane kofi sarai, amma in sun miƙa hannu sai ya wuce ta gefe.

Wannan ciwo ba jiya aka san shi ba. A 1890 Heinrich Lissauer, a birnin Breslau, ya rubuta labarin wani tsoho ɗan shekara 80 da ke kallon kayan yau da kullum yana kiran su da sunan wasu abubuwa, amma da ya taɓa su ko ya ji ƙararsu sai ya gane. Lissauer ya raba matsalar gida biyu: akwai wanda ba ya iya harhaɗa siffar tun farko, akwai kuma wanda siffar ta haɗu amma ta kasa isa ga ma'anarta. Shekara ɗaya bayan haka Sigmund Freud ya ba ciwon sunan da likitoci ke amfani da shi har yau, agnosiya. A 1971 Rubens da Benson suka ba da labarin wani marar lafiya, shi kansa likita ne, wanda aka ba shi zanen makulli da na tsuntsu ya kwafe su tsaf, amma bai san abin da ya zana ba.

Ga wanda abin ya yi wa wuyar fahimta, ya ɗauko takardar da aka rubuta da rubutun Sin ya kalla. Yana ganin kowane layi da kowane ɗigo. In aka ba shi biro zai iya kwafa. Amma me aka rubuta? Idonsa lafiya, hankalinsa lafiya, ba kuma ƙarya yake yi ba. To haka buta da cokali da fuskar ɗansa suka koma wa mai wannan ciwo.

Malam zai ce duk wannan maganar marasa lafiya ce, baki kuwa yana iya shirya komai. To ga shaidar da baki ba ya iya shiryawa. A 1985 Daniel Tranel da Antonio Damasio suka nuna wa masu makantar fuska, wato waɗanda ba sa gane fuskar mutum, hotunan 'yan uwansu gauraye da na baƙi, suna auna ɗan gumin da ke tsatsowa a fatar hannu. Marasa lafiyar sun ce ba su san kowa ba, amma fatarsu ta fi amsawa ga fuskokin da suka saba da su. Wani sashe na ƙwaƙwalwa ya san fuskar, sanin ne bai iso ga mutumin ba. A 2012 kuma, a jami'ar Stanford ta Amurka, likita Josef Parvizi yana binciken wani mai farfaɗiya da aka sa wa wayoyi a kan ƙwaƙwalwa don gano inda ciwon ke tasowa. Da aka aika ɗan ƙaramin lantarki a ƙasan gefen kai na dama, mutumin ya ce fuskar likitan ta murɗe ta sauya, amma sauran abin da ke ɗakin yana nan yadda yake. Da aka yi kamar an aika ba a aika ba, bai ga komai ba. Ta yaya mai ƙarya zai san lokacin da aka kunna da lokacin da ba a kunna ba?

Batun taɓin hankali ma bai tsaya ba, domin wannan ciwo yana yanka ne da ƙa'ida. Joachim Bodamer, likita a Jamus, ya bayyana makantar fuska a 1947, har da sojojin da suka ji rauni a kai: suna gane murya, suna gane tafiya, fuska ce kaɗai ta ɓace. A 1993 McNeil da Warrington a Landan suka rubuta labarin wani mutum da toshewar jijiyar jini ta raba shi da gane fuskokin mutane, daga baya ya koma kiwon tumaki, aka gwada shi aka tarar ya fi gane fuskokin tumakinsa a kan na mutane. A Kanada kuma akwai wanda ake kira CK, wanda rauni a kai ya bar shi yana gane fuskoki amma ba ya gane kaya. An nuna masa zanen fuskar da aka harhaɗa da kayan lambu, ya ga fuskar, bai lura da kayan lambun ba. Tun 1892 Jules Dejerine a Faransa ya bayyana mutumin da ke iya rubutu da hannunsa amma ba ya iya karanta abin da ya rubuta. Wane irin hauka ne yake ɗauke fuskar mutum ya bar ta tunkiya? Wane taɓin hankali ne yake barin mutum ya yi lissafin kasuwancinsa, ya tuna bashin bara, ya kawo tarihin zuriyarsa, amma ya kasa gane agogo sai ya ji ƙararsa?

Akwai gwajin da ba ya cin ko kwabo, wanda da Malam ya yi shi kafin ya ɗauki alƙalami da bai rubuta abin da ya rubuta ba. A nuna wa mutumin makullai daga nesa a tambaye shi. In ya kasa, a girgiza su ya ji, ko a sa masa a hannu. Mai wannan ciwo nan take zai ce makullai ne, ya faɗi ƙofar da kowanne yake buɗewa. Sanin abin yana nan, sunansa yana nan, ƙofar ido ce kawai aka rufe tsakaninsa da sanin.

Hujja ta uku ita ce wai ƙirƙirar Turai ce. Kusan shekara dubu da suka wuce, Hasan Ibnul Haisam, haifaffen Basra da ya yi aikinsa a Alƙahira, ya rubuta Kitabul Manazir. A ciki ya bayyana cewa abin da ido ke ji da kansa haske ne da launi, sauran kuwa, irin su siffa da nisa da sanin ko mene ne abu, suna samuwa ne ta hanyar bambancewa da kwatantawa da abin da aka taɓa gani aka adana. Ya kuma ce ganin yana kammala ne a ƙwaƙwalwa. Ashe ra'ayin da Malam yake kira baƙo ya girmi asibitocin Turai da yake zargi.

Cewa kuma mu ba mu da masu irin wannan ciwo, sai in tambaya: mene ne ke kawo shi, kuma wanne ne babu a wurinmu? Toshewa ko fashewar jijiyar jini a ƙwaƙwalwa, wanda hawan jini da ciwon sukari ke jawowa. Rauni a kai, ga matasanmu a kan babur ba hular kwano. Iskar gubar da ta lalata ƙwaƙwalwar DF ita ce dai ke fita daga janaretan da ake kunnawa a cikin shago ko kusa da tagar ɗakin kwana, ita ce kuma ke tashi daga kaskon gawayin da ake shiga da shi ɗaki a rufe ƙofa lokacin hunturu. Ga sanƙarau, ga zazzaɓin cizon sauro mai taɓa ƙwaƙwalwar yara, ga doguwar naƙuda da ke hana jariri isasshiyar iska. Duk sababin suna nan a gabanmu. Da wane dalili sakamakon zai tsaya a Turai?

Abin da ya sa ba ma ganinsu shi ne mun riga mun ba su wasu sunaye. Dattijon da ya wuce surukinsa bai gaishe shi ba mun ce girman kai ya shige shi. Matar da ta kasa gane 'ya'yanta sai sun yi magana mun ce iska ce. Yaron da likita ya ce idonsa lafiya amma ba ya gane haruffa, ba ya iya tsinto takalminsa a cikin na 'yan uwansa, mun ce daƙiƙi ne, muka bi shi da bulala. A al'ummar da gaisuwa take ma'aunin mutunci, wanda ya rasa gane fuska ba ƙaramin rashi ya yi ba, kuma sau da yawa ɓoyewa yake yi don kunya. Akwai ma waɗanda aka haifa da raunin gane fuska ba tare da wani rauni a kai ba, kuma binciken da aka yi a Turai ya ƙiyasta sun kai kusan mutum biyu cikin ɗari. Oliver Sacks, likitan da littafinsa na 1985 ya sanar da duniya labarin malamin kiɗan da ya kama kan matarsa yana zaton hularsa ce, shi da kansa ya bayyana cewa yana fama da wannan rauni tun yana yaro.

Akwai wani kuskuren da ya kamata a gyara a nan. Mun saba cewa alamar toshewar jijiyar ƙwaƙwalwa ita ce shanyewar ɓarin jiki, baki ya karkace, magana ta sarƙe. Amma jijiyoyin jinin da ke ciyar da ƙeya da ƙasan gefen kai daban suke da waɗanda suka fi ciyar da sashen motsa hannu da ƙafa. In su ne suka toshe, mutum yana iya tashi da ƙafafunsa, ya yi magana daidai, abin da ya sauya kawai shi ne ya daina ganin ɓari ɗaya, ko ya kasa karatu, ko ya kasa gane fuskoki da kaya. Ciwo ɗaya ne, hatsari ɗaya ne, sai dai bai zo da kayan da muka san shi da su ba.

Wannan ya kawo mu ga hujja ta huɗu, mafi hatsari, cewa tunda ba magani a zauna a gida. Mutumin da ya kwanta lafiya ya tashi ba ya gane abin da yake gani, ko abin ya same shi farat ɗaya da rana, a ɗauke shi a matsayin wanda jijiyar jini ta toshe masa har sai likita ya ce ba haka ba ne. A asibitocin da ke da kayan aiki akwai allurar narkar da gudan jini, amma ana yin ta ne cikin awa huɗu da rabi daga fara ciwon. Ko an wuce wannan lokaci, aikin bai ƙare ba. Wanda abin ya same shi sau ɗaya yana cikin hatsarin na biyu, na biyun kuwa yana iya zama mai shanye jiki ko mai ɗaukar rai. Saukar da hawan jini, daidaita sukari, da shan maganin da likita ya rubuta suna rage wannan hatsari. Wani lokaci ma sababin ƙari ne, ko jinin da ya taru bayan buguwa, ko kumburin ƙwaƙwalwa da ƙwayar cuta ta kawo, kuma waɗannan akwai abin da ake yi musu in an zo da wuri. Ta yaya za a san wanne ne in ba a duba ba? Malam ya lissafa kuɗin hoton. Ya lissafa kuɗin jinyar wanda ya shanye shekara da shekaru?

Ko a inda lalacewar ta zauna daram, ba a rasa abin yi ba. Wasu suna samun sauƙi a watannin farko. Saura kuma suna koyon bi ta ƙofofin da suka rage. Mai shiga ɗaki ya faɗi sunansa tare da sallama. A bar kowane abu a mazauninsa, kada a riƙa sauya wa kaya wuri. A bar shi ya taɓa, ya shinshina, ya saurara. A raba masa magungunansa ta yadda hannu zai bambance su. A karɓe masa tuƙi cikin lalama, a nisanta shi da wuta da wuƙa har a san iyakar abin da yake iya ganewa. Yaro kuma a sanar da malaminsa, a rage masa cunkoson abubuwa a shafi, a koyar da shi ta kunne da hannu. Duk wannan ba ya yiwuwa a gidan da aka yanke cewa mutumin maƙaryaci ne. Wa zai faɗi sunansa ga wanda yake zargin yana sane yake share shi?

Ban hana kowa addu'a ba, kuma babu mai hankalin da zai hana. Malamanmu sun karantar da mu cewa neman magani ba ya cin karo da tawakkali. Abin da nake ƙi shi ne a mayar da zaton iska dalilin ƙin zuwa asibiti, a rufe marar lafiya a ɗaki ana yi masa hayaƙi, jininsa yana ta hawa ba mai aunawa. Lalacewar da ke kawo wannan ciwo galibi ana ganinta a hoto, kuma a wuri ɗaya ake samunta ko a Jamus ko a Kanada ko a Japan. Abin da ke da wuri sananne da sababi sananne, haƙƙinsa ne a kai shi ga waɗanda suka san wurin.

Matsayina ke nan, kuma a kansa nake. Takardar likitan ido tana shaidar lafiyar ido ne kawai, ba ta shaidar lafiyar hanyar da ke bayansa. Ganewa aikin ƙwaƙwalwa ne, yana da zanguna, kuma kowane zango yana iya lalacewa shi kaɗai ya bar saura. Wanda ya ce maka yana gani amma ba ya ganewa, ka fara da gaskata shi, ka sa masa abin a hannu ka ga ko zai faɗi sunansa, in abin sabo ne ka kai shi asibiti a ranar, kuma ka faɗa wa likita a fili cewa matsalar ba ta ƙarfin gani ba ce, ta ganewa ce, don a tura shi wurin likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi. Ga Malam marubuci kuma, roƙona ɗaya ne. Mutane suna karanta shi suna aiki da abin da ya faɗa. Ya koma ya binciki abin da na kawo, in ya same shi daidai ya sanar da masu karatunsa da irin ƙarfin da ya sanar da su na farko, domin akwai gidajen da maƙalarsa ta riga ta shiga, kuma a cikinsu akwai marasa lafiyar da ake yi wa kallon maƙaryata.